Fashin Baƙi: Me Ƙarar Jini A Jijiyar Yatsa Ke Faɗa Wa Likita?

Da zarar hunturu ya kankama, ba a rasa masu zuwa asibiti da kukan yatsu: sun yi sanyi ƙalau, sun yi dindiris, farce ya koma fari ko toka-toka, in ɗumi ya dawo kuma sai zugi. Yawanci tun daga gida an riga an raɗa wa abin suna, ko a ce sanyi ne, ko a ce mataccen jini. To idan likita ya ce a je a saurari jijiyar yatsan da na'urar Dofla, sai mamaki ya kama mutum, domin a saninsa mai juna biyu ake yi wa sikanin. Tambayar ita ce: ta yaya ƙarar da ke fitowa daga ɗan akwati za ta nuna ko jini na isa yatsa, kuma har ina ya kamata a yarda da ita?

Akwai abubuwa biyu da ake rikita gwajin da su, gara a raba tun farko. Ɗan abin da ake maƙala wa yatsa, wanda ya yi tashe lokacin korona, haske yake amfani da shi, kuma iskar oksijin da ke cikin jini yake aunawa. Ita kuwa na'urar da ake yawo da ita kasuwa-kasuwa, a ba ka ƙarfe ka riƙe kwamfuta ta zano maka cututtuka talatin, ba ta auna gudun jini ko kaɗan.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Wadda ke kai jini jijiya ce, wadda ke dawo da shi jijiya ce, mai kai saƙon ji da motsi jijiya ce, har igiyar da ke jan gaɓa ma haka ake kiranta. A nan ana maganar mai bugawa ne, wato wadda ke ɗauko jini daga zuciya.

Biyu ne ke shiga hannu ta wuyansa. Ɗaya ta gefen babban yatsa, inda nas ke ɗora yatsunta ta ƙirga bugun zuciya, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa. A cikin tafi sai su haɗu su yi baka biyu, na sama wanda galibi ta gefen ƙaramin yatsa ke ciyar da shi, da na can ciki wanda galibi ta gefen babban yatsa ke ciyar da shi. Daga nan rassa ke fita, kowane yatsa ya samu biyu, ɗaya a kowane gefe ta ɓangaren tafi. Faɗin kowace bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kamar tsinken tsintsiya.

Wannan tsari na bibiyu yana da muhimmanci. Jijiya ɗaya za ta iya toshewa ɗif yatsa ya ci gaba da rayuwa da 'yar uwarta, mai shi bai ma sani ba sai sanyi ya taɓa shi. Saboda haka wanda ya saurari gefe guda ya ce yatsa lafiya lau, rabin aiki ya yi.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Ba bugun jijiya ake ji ba, kuma ba makirfo ba ce. Kan na'urar, mai kama da alƙalami, yana aika sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Kunne na tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, sautin na'urar yatsa kuwa yana kaɗawa sau miliyan 8 zuwa 10. Sautin kan daki jajayen ƙwayoyin jini ya dawo. In ƙwayoyin na tahowa wajen na'urar sai ya dawo da ɗan ƙarin kaifi, in suna tafiya sai ya ragu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi motar asibiti ta wuce da jiniya ya san abin: tana tahowa muryar siririya, tana wucewa ta yi kauri. Christian Doppler, masani ɗan ƙasar Ostiriya wanda daga sunansa aka samo Dofla, shi ya bayyana wannan a 1842, kuma Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan ne ya fara amfani da shi wajen bin motsin zuciya da jini a shekarun 1950.

Na'urar sai ta cire sautin da ta aika daga wanda ya dawo, bambancin shi take kunnawa a lasifika. Abin sha'awa shi ne wannan bambanci ya faɗo daidai inda kunne ke ji. A ɗauki sautin miliyan 8, jini na gudun santimita 20 a daƙiƙa, an karkata kan na'urar digiri 60, sauti kuma na ratsa nama da gudun mita 1,540 a daƙiƙa: bambancin zai kai kaɗawa 1,040 ko kusa da haka. Gudu ya ƙaru, murya ta yi sama. Gudu ya ragu, ta yi ƙasa. Kenan kaifin muryar ne ke nuna gudun jini, ba ƙarfinta ba. Ƙarfi kowa na iya murɗa maɓalli ya ƙara.

Me ya sa sai mai miliyan 8? Domin sauti mai yawan kaɗawa ba ya nisa cikin nama, amma ya fi jin ɗan ƙaramin gudu a kusa da fata. Irin wadda ake sauraron zuciyar jariri da ita, mai miliyan 2 ko 3, an yi ta ne don zurfi. In aka ɗora ta a yatsa, shirun da za ta yi ba hujja ba ne.

Mayar da sauti ya zama zane

Kunnen gwani na jin abubuwa da yawa, amma ba ya ajiye shaida, kuma gwanaye biyu kan saɓa. Shi ya sa ake tsettsefe sautin. A cikin jijiya ba gudu ɗaya jini ke yi ba, na tsakiya ya fi sauri, na jikin bango yana jan ƙafa, don haka ƙarar gaurayen muryoyi ce. Kwamfutar na'urar kan raba su da lissafin da ya samo suna daga Joseph Fourier na Faransa, ta zana su sau da yawa a kowace daƙiƙa. A zanen, kwance lokaci ne, tsaye gudu ne, hasken kowane ɗigo kuma na nuna yawan ƙwayoyin da ke wannan gudun.

Jijiya mai lafiya a hannu ko ƙafa, in mutum na hutawa, murya uku take yi a bugu ɗaya. Ta farko kaifaffa mai tashi nan take, lokacin da zuciya ta matsa. Ta biyu gajeriya, jini ya ɗan ja da baya, zanen ya sauka ƙasan layi. Ta uku 'yar ƙarama, ya sake yin gaba saboda bangon jijiya ya sako abin da ya riƙe. In akwai ƙunci a can sama, abin da ke isowa ƙasa ya gaji: tashin ya yi sanɗa, ƙololuwar ta yi ƙasa ta zama kamar tudu, komawa bayan ta ɓace, kunne ya ji murya ɗaya mai ja. A daidai bakin ƙuncin kuwa akasin haka ne, jini na kutsawa da gudu kamar ruwan tiyo da aka danne bakinsa, murya ta yi tsini da kaushi. Inda ta toshe gaba ɗaya shiru ne, ko a ji wani ɗan "tuk, tuk" gab da wurin toshewar, jini na dukan bango.

Akwai lambobi biyu da kan fito a takardar sakamako. Ma'aunin turjiya na Pourcelot: a cire gudun ƙarshen bugu daga gudun ƙololuwa, a raba da na ƙololuwar. In ƙololuwa 20 ce, ƙarshe 6, an samu 0.7. In jini ya tsaya cak tsakanin bugu da bugu, an samu 1. Na biyu ma'aunin bugawa na Gosling, wanda ke ɗaukar tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da ƙasan zane ya raba ta da matsakaicin gudu. Amfaninsu a yatsa babba ne, domin karkatar na'ura ba ta canza su, tunda gudu ake rabawa da gudu.

Yatsa ba ƙafa ba ne

A nan mafi yawan kuskure ke faruwa, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya fi riƙewa. Wanda ya koyi Dofla a ƙafar masu ciwon suga ya haddace cewa murya uku lafiya, murya ɗaya cuta. In ya kawo wannan ƙa'ida yatsa kai tsaye, zai ɗora wa masu lafiya cuta.

Yatsu na daga cikin inda jiki ke zubar da zafi. A tsokar kan yatsa da ƙarƙashin farce akwai 'yan gajerun hanyoyi da ke haɗa jijiya mai kai jini da mai dawo da shi kai tsaye. In jiki ya ɗumama sai su buɗe, jini ya yi ta kwarara ko tsakanin bugu, zanen ya ƙi sauka kan layi. Wannan ma murya ɗaya ce a kunne, amma ta lafiya ce. Abin da ke raba ta da ta cuta shi ne tashin farko: a yatsa mai ɗumi tashin a miƙe yake kamar mashi, a bayan ƙunci kuwa a kwance yake. In sanyi ya zo hanyoyin nan su rufe, jijiyar ta tsuke, a mutum mai lafiya ma ƙarar na iya dusashewa har ta kusa ɓacewa. Ba sanyi kaɗai ba. Tsoro, zafin ciwo, sigari, har dogon numfashi guda da aka ja da ƙarfi kan rage gudun jinin yatsa na 'yan daƙiƙu. Mutum ɗaya, yatsa ɗaya, da asuba wani sakamako, da azahar wani.

Don haka shirun yatsa mai sanyi bai tabbatar da komai ba. Sai an ɗumama shi ya ci gaba da shiru, sannan magana ta fara.

Yadda ake yin gwajin da inda yake lalacewa

Ɗaki ya kasance digiri 22 zuwa 24, mutum ya zauna minti 15 zuwa 20 kafin a fara, kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ta riƙa dukan hannunsa. Ya bar sigari da kofi da shayi mai kauri na 'yan sa'o'i, goro ma haka, domin sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. A cire zobe da agogo da duk abin da ya ɗaure damtse. In hannun da sanyi, a tsoma shi a ruwan ɗumi wajen digiri 40 na 'yan mintuna, a fara gwada ruwan da ma'auni, domin yatsan da ya yi dindiris ba zai ji ƙuna ba.

Daga sama ake farowa: gwiwar hannu, jijiyoyi biyu na wuyan hannu, bakan tafi, sannan kowane yatsa gefe biyu, a gindi da tsakiya da kai. Hannu biyu ake yi ko da ɗaya ke ciwo, saboda ɗayan shi ne abin kwatance.

Kurakurai uku sun fi yawa. Na farko dannawa. Jijiyar da ba ta fi tsinke ba, nauyin alƙalamin na'urar kaɗai ya isa ya rufe ta, sai a rubuta ta toshe. A zuba man da ake shafa wa fata don gwajin da kauri, kan na'urar ya zauna cikin man yana ɗan shafar fata. Na biyu karkata. In aka tsayar da kan na'urar cak a kan jijiya, wato digiri 90, bambancin sauti sifili ne ko da jini na gudu. Digiri 45 zuwa 60 ake so, ana fuskantar inda jini ke fitowa. Sama da 60 kuskure ke ninkuwa: kuskuren digiri 5 a wajen 60 yana karkatar da lissafi da kashi 15 cikin 100 ko kusa, a wajen 80 kuwa yana iya raba shi biyu. Na uku ɗaukar jijiyar da ke dawo da jini a matsayin mai kaiwa. Ita ƙararta kamar iska ce, ba ta bin bugun zuciya, kuma in aka matsa kan yatsa sai ta yi "fuu" ta wuce.

Masu babbar na'ura mai hoto da launi suna da nasu kurakuran. Saitin da aka bari na jijiyar wuya ko ta ciki yana tace ƙananan gudu ya zubar, ya ɗauka motsin bango ne. Dole a sauke matatar, a sauke ma'aunin gudu, a ɗauko kai mai kaɗawa miliyan 12 zuwa sama. Sannan a babbar jijiya, in ƙarƙashin zanen ya cika da ɗige alama ce ta hargitsin jini, amma a yatsa kusan kullum a cike yake, domin na'urar na ɗaukar faɗin jijiyar duka lokaci guda.

Tsukewa ce ko toshewa?

Wannan ita ce tambayar da gwajin ya fi amsawa da kyau. Maurice Raynaud, likita Bafaranshe, ya bayyana a 1862 yadda yatsu ke yin fari, su yi shuɗi, su yi ja in sanyi ya taɓa su, kuma sunansa, da ake furtawa Reno, ya bi lalurar. Iri biyu ce. Akwai wadda jijiyar lafiyarta ƙalau, tsukewa kawai take wuce kima. Ta fi kama mata matasa, tana kama hannu biyu daidai wa daida, ba ta kawo gyambo. Akwai kuma wadda wata cuta ke ƙarƙashinta, bangon jijiya ya yi kauri ko ta toshe. A ta farko, ɗumi na dawo da sauti garau a duk yatsu. A ta biyu, ko an ɗumama za a tarar da gefen da ya yi shiru ko ya gaji. A fata baƙa launukan nan uku ba sa fitowa sosai, sai an duba farce da tsokar kan yatsa, abin da ke ƙara wa sauraron daraja.

Ba a barin sauti shi kaɗai. Ana ɗaura wa gindin yatsa ɗan mayafin awo irin na gwajin hawan jini, mai faɗin santimita 2 zuwa 2.5, a hura har ƙarar ta ɗauke, a saki a hankali, lambar da ta dawo a kai ita ce matsin jinin yatsa. Sai a raba ta da ta damtse. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar ƙasa da 0.7 a matsayin matsala, haka bambancin matsin da ya haura 15 tsakanin yatsa da takwaransa na ɗaya hannun. Wasu kan ƙara da gwajin sanyi, a tsoma hannu a ruwan sanyi a ga minti nawa gudun zai ɗauka ya dawo, mai lafiya yakan dawo cikin minti 10. Ba a yi wa mai gyambo ko wanda yatsansa ya fara baƙi wannan gwaji.

Su wane ne abin ya shafa?

Tsarin yatsun da suka yi shiru yana nuna inda za a nemi sanadi. Kanikawa, masu faci da kafintoci da ke mayar da gindin tafi guduma suna dukan jijiyar gefen ƙaramin yatsa a kan wani ɗan ƙashi mai ƙugiya, har ta kumbura ko ta daskare ta riƙa jefa gudaji. A nan ƙaramin yatsa da na zobe da na tsakiya ke shan wahala, babban yatsa ya tsira. Masu aiki da injin fasa dutse, injin yankan katako da na goge ƙarfe suna samun farin yatsa na girgiza, lalurar da Alice Hamilton ta bincika a 1918 a wurin masu sassaƙar dutse a jihar Indiyana ta Amurka. Matashi mai shan sigari da gyambo a yatsun hannu da na ƙafa yana sa a tuna da cutar da Leo Buerger ya bayyana a 1908, wadda barin taba gaba ɗaya ne kawai ke tsayar da ita. Macen da fatar yatsunta ta yi tauri tana sheƙi, ana neman cutar taurin fata ta garkuwar jiki. In kuwa hannu ɗaya ne, kwatsam, to a duba sama: zuciya mai bugun hargitsi, ko jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya.

Masu wankin ƙoda nasu daban ne. Hanyar da ake haɗa musu a hannu tsakanin jijiya mai kai jini da mai dawo da shi tana iya janye jinin da ya kamata ya sauka yatsu. Gwajin mai sauƙi ne: a saurari yatsa, a danne hanyar na ɗan lokaci, in sauti da matsi suka tashi to ita ke kwashe jinin. Kafin a haɗa ta ma, ko kafin a cire jijiyar gefen babban yatsa don aikin zuciya, ana ɗora Dofla a tafi a danne jijiya ɗaya a ji ko ɗayar za ta riƙe hannun. Tushen wannan gwajin Edgar Allen ne a 1929, shi da ido ya yi nasa.

Ba duk ciwon yatsa ba ne na jijiyar jini. Kumburin hannu da ƙafa na yaro mai sikila daga cikin ƙashi yake. Ɗan karkare ƙwayar cuta ce. Dindiris ɗin dare a babban yatsa da manuni da na tsakiya galibi jijiyar ji ce ta matsu a wuyan hannu. A duk waɗannan Dofla za ta fito lafiya, ciwon kuma yana nan.

Inda masana suka rabu

Wasu na ganin 'yar na'urar hannu mai batir ta wadatar a matakin farko: ba tsada, ba allura, ba hasken da ke cutarwa, kuma za ta shiga aljihu zuwa asibitin ƙauye. Wasu na cewa ta dogara da hannun mai riƙe ta fiye da kima, ba ta ganin jijiyar da take saurare, kuma tana iya kama reshen da ya kewaye toshewa a ɗauka uwar ce. Su sun fi son mai hoto, a haɗa da awon haske a kan yatsa. Duka suna da gaskiya, sai dai a ganina rigimar ta fi zama ta tsari fiye da ta na'ura. 'Yar ƙarama a hannun wanda ya ɗumama yatsa, ya saurari gefe biyu, ya auna matsi, ta fi babba a ɗaki mai sanyi da saitin ciki.

Akwai iyakar da kowa ya yarda da ita. Dofla ba ta kai ga ƙananan hanyoyin jini na fata, waɗannan sai an duba gindin farce da madubin ƙara girma, a haɗa da gwajin jini. A masu ciwon suga da na ƙoda bangon jijiya kan ƙandare ya ƙi matsuwa, lambar matsi ta fito sama da gaskiya. In kuma tiyata za a yi, likitan fiɗa zai so hoton da ake zuba ruwa a jijiya.

Lokacin da ba a jiran gwaji

Wanda aka tabbatar tasa tsukewa ce kawai, safar hannu, ɗumama jiki duka da barin taba sukan wadatar, in ta ƙi akwai magunguna irin su nifedipine da likita zai rubuta. Ya kuma faɗa wa likita duk abin da yake sha, domin wasu magungunan hawan jini, na mura da na ciwon ɓarin kai suna ƙara tsuke jijiya.

Amma yatsan da ya yi sanyi da fari ko shuɗi ya ƙi dawowa bayan an ɗumama, da ciwon da ke hana barci, da baƙi a kan yatsa, na asibiti ne a ranar. Haka hannun da aka yi wa ɗori ya kumbura, yatsu suka yi sanyi, miƙe su na sa ihu: a kwance ɗaurin nan take a tafi, ko da ana jin bugu a wuyan hannu, domin matsin cikin tsoka na kashe nama tun bugu bai ɗauke ba. Haka wanda aka yi wa allura a gwiwar hannu ko wuyan hannu ya ji wuta ta sauka har yatsu, mai yiwuwa maganin jijiya mai bugawa ya shiga. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa cikin sa'o'i shida ko ƙasa da haka.